Irin Dawar Baba Zira

"Miri, yau Talata fa. In hatimin gidan waya ya wuce Jumma'a, ba za su karɓa ba."

Miriyamu ba ta ɗago ba. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar gidansu da ke Vimtim, fom ɗin neman digiri na biyu a cinyarta. Tun safe shafi na huɗu take kallo, inda aka ce ta lissafa kayan binciken da ke hannunta.

Elkana ya jingine baburinsa, ya tsuguna a gabanta. Malamin asibiti ne a ƙaramin asibitin garin, shekara biyu ke nan da aka yi musu baiko.

"Masoyiyata, ki ce wani abu mana..."

"Me zan rubuta? In rubuta an sha?"

An sha ɗin kuwa. Shekara uku tana koyar da aikin gona a makarantar 'yan mata a Mubi, kuma a shekarun nan ita da mahaifinta, Baba Zira, suna tara tsoffin irin dawa na kan duwatsu, waɗanda mutane ke watsarwa saboda masara da sabon iri. Iri ashirin da shida, kowanne da ɗan daminsa, da 'yar takarda ɗaure a wuya, a rataye a ɗakin Baba. Yawanci shi yake zuwa nemowa tana makaranta. In ta tambayi gidan da ya samo, sai ya buga kansa da yatsa ya ce, "Suna nan. Ranar da kika zo da babban littafi zan faɗa miki." Wani farfesa a Zariya ya rubuto cewa in dai irin yana hannunta, zai karɓe ta ɗaliba.

Sai Baba ya faɗi a gona yana shara, bai tashi ba. 'Yan makoki suka zo daga Michika mota-mota. A rana ta uku aka miƙo mata kunu ja mai garɗi, ta sha don kar ta faɗi. Da yamma ta leƙa ɗakin Baba, igiyoyi kawai ta gani suna lilo.

Ba ta yi ihu ba, ba ta tambayi kowa ba. Dama tun rasuwar hawaye ko ɗigo bai fito mata ba, har gwaggonninta suna tsegumi, wai boko ya busar mata da zuciya. Ita dai ji take kamar an nannaɗe ta da bargo, magana ma daga nesa take jinta.

"Ai kai ka huta," in ji ta, murya ba hawa ba sauka. "Ba Zariya, ba jiran shekara biyu. Na ji mamanka ta ce Allah ne ya yi. Ku sa rana."

"Miri! Haka kika ɗauke ni?"

"Ban ɗauke ka komai ba, Elkana. Ba na jin komai."

 Elkana ya tashi, ya buga babur, ya tafi ko sallama babu.

Laraba bai zo ba. Ba ta ji haushi ba, ba ta ji kewa ba. Ta share tsakar gida, ta ɗebo ruwa, ta zauna. Mahaifiyarta, Mama Hajaratu, tana ta kai-kawo, ko kusa ba ta yarda su haɗa ido ba. Ta gabas kuwa hadari ya fara haɗuwa, kuma kowa ya sani ruwan farko na sauka, duk wani iri da ke rataye a ɗaka ƙasa zai shige.

Alhamis da la'asar sai ga Elkana, farar rigarsa ta koma ruwan ƙasa, gwiwa ɗaya a ƙuje. Ya zazzage jaka a kan tabarma. Ambulan ɗin ƙwayar magani ne guda tara, kowanne cike da hatsi.

"Duk wanda na taɓa yi wa allura na bi shi gida," in ji shi yana haki. "Na je Bazza, na je Gella. Na ce duk wanda Baba ya taɓa roƙon iri a wurinsa ya taimaka..."

Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan biyu iri ɗaya ne. Wannan kuma gero ne, Elkana."

"Gero? Kai! Tsohon nan har rantsuwa ya yi mini!"

Bawan Allah, shi da in an cire tuwo bai san dawa ba. Da a wata rana ce da ta yi dariya har da riƙe ciki. Yau sai ta jera bakwai ɗin kawai.

"Me ya sa ka yi haka? In na tafi, kai ne za ka jira."

"Zan jira. Gara in jira Miri shekara biyu da in auri wannan da ke zaune nan."

"Bakwai ba ashirin da shida ba ne. Sauran gidajen Baba ya tafi da su. Ƙarya kuma ba zan rubuta ba."

Ƙarar taɓarya ta tsaya a tsakar gida. Mama Hajaratu ta fito tana goge hannu da zani. Ta ɗauki ambulan ɗaya, ta zuba a tafi, ta sa ƙwaya a haƙori.

"Wannan ta gidan Vandi ce. Matarsa ba ta iya ajiya ba, ji warin hayaƙi."

Ta zauna a ƙasa, ta kwance gefen zaninta. Ƙananan takardu suka zubo, kowacce da guntun zarenta.

"Ba gwaggonninki ba ne," in ji ta. "Ni na sauke su. Ni na sussuka."

"Rumbu ne ya yi ƙasa, Mama, na sani..."

"Rumbu cike yake! Je ki duba. Na san abin da nake dakawa, Miriyamu. An binne ubanki, na dawo na ga ɗakin nan, na ce dawar nan ce za ta ɗauke mini ke ma. Gida ya zama ni da awaki." Ta share fuska da gefen zani. "Na ɗauka in babu ita za ki zauna. To ga shi kin zauna. Ko kuka ba kya yi, ko faɗa ba ki yi mini ba. Na riƙe zani, 'yar ta tafi."

Miriyamu tana kallon takardun. Ta ji maganar sarai, amma har yanzu daga nesa.

"Ɗauki bironki," in ji Mama. "Ubanki ya ce suna kansa? Wa yake ba labari in ya dawo yana cin tuwo? Rubuta bakwai a hannu, sauran kuma gida-gida zan faɗa miki. Ɗana, baburin nan naka yana ɗaukar tsohuwa?"

"Har biyu ma, Mama!"

"To da asuba, kafin ruwa ya riga mu."

"Mama, zancen zama ke kaɗai kuma," in ji Elkana yana sosa ƙeya, "in an ɗaura kafin ta tafi, ga asibiti nan kusa, kullum zan..."

"Na tambaye ka? Ka fara sanin gero tukuna."

Miriyamu na karanta takarda, Mama na faɗin gida. Ta gidan Gabdo a Belel. Ta Salome, gwauruwar bayan coci. Ta Dawuda mai ido ɗaya. Biro na tafiya, layi na cika, har suka kai ashirin da biyar.

Ta ƙarshe ba rubutunta ba ne. Rubutun Baba ne, manyan baƙaƙe a karkace irin na wanda ya koya da girma a ajin coci. Ba sunan iri, ba sunan gari. "Ta Miri" kawai ya rubuta.

"Wannan fa, Mama?"

"Ba sai an hau babur ba. Tana cikin tuluna a ɗaka. Uwata ta ƙulla mini ita ranar aurena, shekara talatin ina shuka ta a bayan gida. Shi ya roƙe ni, wai ki kai ta Zariya su ga irin matarsa."

Miriyamu ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai wani sauti ya fito wanda ita kanta ba ta san shi ba. "Baba... Wayyo Baba!" Ta faɗa jikin Mama, Mama ta rungume ta tana cewa, "Yafe mini, 'yata, yafe mini," su biyun suna girgiza.

Elkana ya yi wuf ya zare fom ɗin daga cinyarta, ya hure ɗigon da ya faɗa kusa da layi na ashirin da shida.

"Yi kukanki, rabin raina," in ji shi, shi ma idonsa ya cika. "Yi har ki gaji. Wannan ni zan riƙe miki zuwa gobe."