Ranar da Ƙanƙara Ta Rufe Hanyar Wisam

Ruwa ya zo roƙo, ba mata ya zo nema ba. Motar Wisam ce ta yi zafi a hawan dutsen Dinniya, ya tsaya bakin gonar tuffa ta Abu Tarik da jarka a hannu. Jumana, autar mai gonar, ta sauko daga tsani ta shiga zuba masa. Shi kuwa ya saki baki yana kallonta har ruwan ya ƙare a takalminsa.

"Malam, motar ce ke jin ƙishi ko takalmin?" ta ce.

Daga ranar motar nan ta koyi yin zafi duk Lahadi, a daidai wannan gona.

Wisam mutumin Bika ne, can bayan dutse, kusa da Ba'albak. Da rani tafiyar awa ɗaya da rabi ce ta saman dutse, amma da zarar dusar ƙanƙara ta sauka hanyar ta rufe ke nan sai bayan wata biyar. Nan Abu Tarik ya kafe.

"Ba zan kai 'yata inda zan yi wata biyar ban san ta ci ko ba ta ci ba. Ga Ra'id mai kemis, daga tagata ina hango ƙofarsa."

Jumana ta yi kuka, ta ƙaurace wa abinci kwana biyu, ko da yake uwarta ta san inda zaitun ɗin cikin tulu ke tafiya. Da tsohon ya gaji sai ya ce, "Su zo da manyansu ranar Lahadi. In la'asar ta yi ba su iso ba, mutanen Ra'id ne za su sha gahawata."

A al'adarsu dai masu neman aure ba sa taɓa kofin gahawar da aka ajiye musu sai uba ya ce ya bayar.

Aka wayi gari Lahadi dutse ya yi fari fat da ƙanƙara, sati biyu kafin lokacinsa. Jumana ta kasa zaune ta kasa tsaye. Can wayarta ta yi ƙara.

"Hasken idona, hanyar sama ta rufe. Za mu zagayo ta Bairut. Kada ki yi kuka, kwallin ki ajiye mini."

"Wisam, ƙasar gaba ɗaya fa za ku zagaye! Da tsofaffi uku?"

"Ai ƙasar ba ta da girma, rayuwata. Son da nake miki ya fi ta faɗi."

Ƙarfe sha ɗaya: "Mun wuce Zahle. Baffa Nazih ya ce sai an tsaya ya yi alwala, karo na uku."

Sha biyu: "Muna ɗaura wa taya sarƙa saboda santsin ƙanƙara. Yatsuna sun daina ji, zuciyata ce kawai ke aiki."

Daga nan shiru. Ta kira, a kashe. Ta hau soro, ta sauko, ta goge teburin da ta riga ta goge. Tsoro ya cika ta, har da haushi.

"Ya ga ƙanƙara ya juya," in ji gwaggonta Wafiƙa. "Mutanen bayan dutse ai sai da rani ake ganinsu."

Ƙarfe biyu kawunnan Ra'id suka tsallako titi suka zauna a falo. Uwar Jumana ta ɗora gahawa, ta bari ta tafaso ta zube. Ta ɗora wata, ita ma ta zube, a hannun matar da ta shekara talatin ba ta ɓarar da ɗigo ba.

Aka kira la'asar. Abu Tarik ya tafi masallaci, ya daɗe fiye da kullum. Dawowarsa ke da wuya aka ji gurnanin mota a hawa, taɓo har gilashi. Tsofaffi uku suka fito suna dafa ƙugu. Wisam ya ɗaga wa tagar Jumana matacciyar wayarsa, ita kuwa dariya da hawaye suka zo mata tare.

Aka jera kofuna, ba wanda ya taɓa. Abu Tarik ya dubi Wisam.

"Ta ina?"

"Zahle, Bairut, Jubail, Tarabulus, Baffa."

"Awa nawa?"

"Bakwai."

Tsohon ya shiga murza carbi. Babban kawun Ra'id ya ture kofinsa a hankali. "Abu Tarik, mu titi kawai muka tsallako. Ka ba su ita."

"Awa bakwai," Abu Tarik ya maimaita. "Wata biyar ne ba zan iya ba. Awa bakwai kam zan iya. Ku sha gahawarku."

Bayan sati uku aka ɗaura aure, dutse na nan a rufe. Da za a kai amarya uban ya riga kowa shiga gaban mota. A ƙofar gidan Wisam, tsohon ya dafa kawunan ango da amarya.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Kai kuma ka tanadi shimfiɗa, duk wata ina tafe."

"Amin, Baba," Jumana ta ce, ta riƙe hannun mijinta.