Rigar Lamba Shida

Ruwan sama ne ya koro ta barandar shagon aski na unguwar Wusakile, ran wata Asabar da rana, da ledar kifi a hannunta. Ta tarar da Chisanga ya baje murafen lemo goma sha ɗaya a kan teburin dara, yana ta zuba kamar rediyo. Mai walda ne a mahaƙar tagulla, amma idan aka taɓo zancen ƙwallo sai ka rantse shi ya ƙirƙiro wasan. Aikin samarin barandar ke nan duk mako: kowa ya tsinto gwanayen kowane zamani, rayayyu da matattu, ya haɗa ƙungiyar da ba za ta taɓa taka fili ba, sannan a yi ta musu har maƙogwaro ya bushe.

Ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Yayana, wannan ƙungiyar taka ta wasa ce ko ta ɗaukar hoto?"

Samarin suka juyo, ita kuma ta ci gaba.

"Lamba goma har uku ka zuba. Idan ƙwallo ta ƙwace muku, wa zai dawo baya? Alƙalin wasa?"

Ta miƙa yatsa ta jawo murfi ɗaya zuwa tsakiya. Abokansa suka fashe da dariya, har mai aski ya ajiye almakashi yana tafi. Chisanga ya ɗago da niyyar ramawa, amma da suka haɗa ido sai ya manta da ramuwar. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ranar sai da ya yi in-ina kafin ya iya tambayar sunanta.

"Lubuto," ta ce. Ruwa ya tsagaita, ta wuce abinta.

Malama ce a makarantar firamare. Sai da ya yi sati biyu yana zarya a ƙofar makarantar, yau ya ce hanya ce ta biyo da shi, gobe ya ce ya zo duba ƙarfen get, kafin ta ji tausayinsa ta ba shi lambar waya.

"Lubu tawa, na gyara ƙungiya. Na cire biyu, na sa masu gudu. Saura gurbi ɗaya a zuciyata, ba mai cike shi sai ke."

"Koci, zancen soyayyarka ma duk gaba ne, babu tsaron baya. Ka ci abinci dai?"

Haka suka kwashe wata biyar. Yana son ta sosai, son da ya hana shi zama wuri ɗaya. Ita ma tana son sa, sai dai duk sanda ya tambayi labarin gidansu sai ta ce mahaifinta tsohon ma'aikacin mahaƙa ne, ta canja zance.

To, abin da baki ya ɗaura, hannu ba ya kwancewa. Wata Lahadi gidan rediyon garin ya buɗe layi, kowa ya faɗi gwanayen 'yan wasa sha ɗayansa na tarihin Masu Guduma, ƙungiyar 'yan mahaƙa ta unguwar. Chisanga ya kira don ya burge Lubuto. Ya jero sunaye tiryan-tiryan.

"Dakata," in ji mai gabatarwa. "Ina Katafila?"

"Katafila? Ya ci ƙwallaye, ban musa ba. Amma tsayawa yake a gaba kamar turken wutar lantarki. Duk wanda ya sa shi, da mutum goma yake wasa. A benci zan ajiye shi ya riƙe mana ruwa."

Bai gama jin daɗin kansa ba saƙo ya shigo.

"Chisanga. Katafila babana ne. Yana zaune kusa da rediyo. Ya wanke hannu ya bar tuwonsa."

Ya karanta sau uku. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Sai bayan kwana biyu suka haɗu a bakin makaranta, ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Me ya sa kika ɓoye min?"

"Saboda duk saurayin da ya san ko 'yar wa ce ni, wajen Baba yake zuwa zance, ni kuma in zama mai kawo ruwa. Na so a so ni don ni."

"Ai ga shi na so ki don ke, na kuma kashe kaina!"

"Wa ya aike ka rediyo?"

Suka rabu kowa rai a ɓace. Kafin ya isa gida ta turo, "Har yanzu ina fushi. Amma kada ka hau babur da wannan zuciyar."

Ga kuma Mubanga, dillalin motoci, wanda ya shekara biyu yana neman Lubuto. Shi duk sha ɗayan da zai haɗa, Katafila ne kyaftin. Ya naɗi muryar Chisanga a waya, kullum ya je gaida tsohon sai ya kunna masa, wai don kada a manta.

Chisanga ya ga idan ya ƙara jira za a yi babu shi. Ya roƙi kawunsa, Kawu Mumba, ya zama shibukombe ɗinsa, mai kai maganar aure, tunda mai nema ba ya yi wa suruki magana baki da baki. Kawu ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya ɗauki faranti biyu a kife da 'yar kwacha, kuɗin ƙasar, a ciki kamar yadda al'ada take, ya tafi. Bai daɗe ba ya dawo da su yadda ya kai su, ko buɗewa ba a yi ba.

"Ya ce a ajiye su a benci," in ji Kawu, yana share gumi. "Amma ya ce ka zo ran Asabar ka sake jero sha ɗayan nan a gabansa. Ɗana, ka sa shi kyaftin, ka sa shi gola ma in ya so. Mata kake nema, ba kofi ba."

Satin nan Chisanga bai san inda kansa yake ba. Ya ƙona safar hannu biyu a wajen aiki. Ya zauna ya tashi, ya jera murafe ya watsar, ya zagaya unguwa ba tare da ya san inda za shi ba. Ya tura wa Lubuto, "Zan sa shi kyaftin, a wuce wurin."

"Kada ka fara. Shekara biyu Mubanga yana yi masa wannan daɗin bakin, ga ni har yau a gida. Baba yana gane ƙarya tun daga bakin ƙofa."

"In na bar shi a benci kuma?"

"To ka yi min bankwana."

Gaba kura, baya sayaki. Ya ji tsoro na gaske, don ya san idan Asabar ta ɓaci ya rasa Lubuto ke nan.

Ran Alhamis da safe wani saƙon ya zo.

"Koci, Mama ce ke wanke rigunan ƙungiya tun tana budurwa, a nan suka haɗu da Baba. Ta ce rigar Baba, lamba tara, ko sabulu ba ta ci. Ta ce lamba shida ce take sa ta kuka, sai ta jiƙa ta kwana biyu jar ƙasa ba ta fita ba. Daga nan ta ƙi ƙara komai."

Lamba shida? Chisanga, da yake taƙamar ya haddace tarihin Masu Guduma, bai san mai ita ba. Ya nemi izini a wajen aiki, ya nufi tsohon fili inda dattawa ke shan inuwa. Sai da ya tambayi mutum huɗu kafin wani mai sanda ya ce, "Sikazwe kake nufi. Bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba. Ya daɗe da rasuwa, yaro." Chisanga ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya ce a ba shi labarin tun daga farko.

Ran Asabar ya durƙusa a bakin ƙofar falo, kansa a ƙasa. Baban Lubuto na kan kujera, ƙaton mutum mai furfura, taku uku kacal tsakaninsu. Kawu Mumba ya zauna a tsakiya. Mubanga ma ya zo kallo. Lubuto da mahaifiyarta suna bayan labule.

"Ka ce masa ina saurare," in ji tsohon.

"An ce ana saurare," in ji Kawu.

Chisanga ya fara jerowa, Kawu na maimaita kowane suna da ƙarfi kamar ba a ji ba. Gola, 'yan baya huɗu, 'yan gefe.

"Kawu, ka ce masa lamba tara Katafila ne."

Mubanga ya yi dariya. "Yau kuma turken ya iya gudu?"

"Kawu, ka ce masa ban janye ba. Har yanzu ba ya dawowa baya."

Kawu ya zaro ido. "Wannan kam ba da bakina ba."

"Na ji da kunnena," in ji tsohon, fuskarsa a murtuke. "Tambaye shi, to don me ya sa ni?"

"Ka ce masa kuskurena shi ne na ɗauke shi shi kaɗai, alhali ba shi kaɗai yake zuwa ba. Na cire lamba goma gaba ɗaya. Na sa Sikazwe a bayan Katafila, ya yi gudun mutum biyu. In babu Sikazwe, babu Katafila a ƙungiyata."

Kawu bai maimaita ba, babu kuma wanda ya nemi ya maimaita. Tsohon ya dubi hannayensa. Sannan ya ce:

"Shekara talatin ana kiran rediyo, ana jero sunaye. Ba wanda ya taɓa ambaton sa." Ya juya. "Mubanga, kai ka san shi?"

Mubanga ya sosa ƙeya, ya ce yana jin kamar ya taɓa jin sunan.

"Ni ma da nake jero tawa, ban taɓa sa shi ba," in ji tsohon. Ya share ido da bayan hannu. "Mumba, ina farantan nan?"

Guɗar da ta tashi daga bayan labule har maƙwabta sai da suka leƙo.

Bayan wata huɗu aka ɗaura auren a cocin unguwa. Samarin baranda suka zo da mai askinsu, dattawan tsohon fili suka cika layin gaba, aka ci tuwon masara da kaji har aka bari. Lubuto ta matse hannun angonta ta raɗa masa, "Koci, yau dai ka zauna wuri ɗaya."

Da aka zo sa albarka, Baban Lubuto ya miƙe. Kawu Mumba ya gyara kwat zai shiga tsakani, tsohon ya ɗaga masa hannu, ya dubi Chisanga kai tsaye.

"Ɗana, Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka. Abu ɗaya zan roƙe ka. Ni shekara goma wani yana yi min gudu, har aka binne shi ban ce na gode ba. Idan 'yata ta yi maka, ka faɗa mata tana ji."

Jama'a suka amsa da amin. Chisanga ya juya wajen amaryarsa, a gaban kowa, ya ce, "Lubu, na gode."