Taron Ƙarfe Huɗu

"Ai sun tashi daga nan, 'yata. Wata biyu ke nan."

Maigadin asibitin ne ya faɗa min haka.

"Baba, don Allah ina suka koma? Masu taron nan... masu son daina shan giya."

"Na ji an ce wata makarantar firamare, can bayan kasuwa."

Huɗu saura minti ashirin!

Kwanana goma sha ɗaya ban kurɓa ba, ga mashaya a tsallaken titi, ƙofarta wangale. Maƙogwarona ya bushe ƙayau. Na san in na ƙara minti biyar a wurin, ƙafafuna za su tsallaka ba da shawarata ba.

Na danna lambar da na rantse ba zan sake kira ba.

Dogo direban tasi ne, kuma saura wata biyu aurenmu komai ya wargaje. 'Yar ƙanwar mamarsa, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kansa, ita ta same ni a shagona na gyaran gashi na yi tatul, ina surutai ni kaɗai. Ta ɗauke ni bidiyo, ta kai wa Mama, mahaifiyarsa. Tun ranar, sati uku cur, ko gaisuwa bai aiko min ba.

"Kina ina?" Abin da ya ce ke nan kawai.

Ba a jima ba ya ci birki a gabana. Na buɗe ƙofar baya.

"Dawo gaba. Ni ba direbanki ba ne."

Na dawo, amma ban yarda mun haɗa ido ba.

A makarantar muka tarar da wata malama tana kulle aji. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Masu maye? A nan? Allah ya kiyaye!"

Na juya da gudu na faɗa mota.

"Mai da ni gida, Dogo. Na haƙura..."

"Ba ki isa ba."

Ya ciro waya ya shiga kiran abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, ka taɓa kai fasinja wurin taron masu barin giya?"

Na cafke hannunsa. "Asirina za ka ƙarasa tonawa?"

Ya ture hannuna, ya ci gaba da magana a wayar. "Eh, ni ke nema. Ni ɗin nan. Ka gama dariyar ka ba ni kwatance!"

Sai a kira na huɗu aka dace. Saman wani kantin magani, kusa da tsohuwar tasha. Ya fizgi motar, muka afka cikin cunkoso, yana hon yana ratsa lunguna, ni kuwa idona na kan agogo.

Huɗu da rabi muka isa. Na kasa ko motsi.

"Sauka mana."

"Sun riga sun fara."

"To sai me? Jirgi ne da zai tashi ya bar ki?"

Sai kuka ya ƙwace min.

"Sati uku, Dogo! Ka san irin kwanakin da na yi?"

Ya kifa kansa a kan sitiyari.

"Haushi na ji, Gajeriyata. Shekara biyu kina tauna cingam kina ce min ciwon kai. Da na ga bidiyon, ba giyar ce ta fi ƙona min rai ba... ashe kina cikin wannan wutar, ni ina gefe ina zaɓen labulen ɗakin aurenmu."

"Mama fa?"

"Ta ce a fasa. Na ce a dai ɗaga."

"In na kasa fa?"

"Ban sani ba, rabin raina. Wallahi ban sani ba. Amma yau dai hau benen nan. Ina nan."

Na hau ina dafa bango. Wata dattijuwa mai gilashi ta buɗe min ƙofa. Kujerun roba ne a zagaye, mutum tara, maza da mata, fanka na ta ƙara a sama. Babu wanda ya tambayi sunana.

"Zauna, ƙanwata," in ji ta. "Ni ranar farko sau uku na zagaya ginin nan kafin na shigo."

Da zagaye ya zo kaina, na ce, "Kwanana goma sha ɗaya."

Suka tafa min kamar na ci jarrabawa.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. A wata na uku na zame na sha, amma da bakina na gaya wa Dogo, kafin wata ta riga ni. Ya ce, "Gobe Talata, ranar taro. Uku da rabi zan zo."

Wata tara bayan nan, na sauko daga taro na hango mutum zaune a kujerar gaban motar Dogo.

Mama!

Na durƙusa gefen motar ina gaishe ta.

Ta leƙo ta tagar motar.

"Duk sati nake biyo shi, wata guda ke nan, ina laɓe can nesa ina ganin shigarki da fitarki," ta ce. "Tashi, rana na dukanki."

Na miƙe.

"Wannan dogon banzan ya hana ni sakat da zancenki. Ki gaya wa mutanen gidanku muna nan tafe ranar Asabar kan maganar auren."

Ta juya ta harari ɗanta.

"Kai kuma ka daina washe baki, ka buɗe wa surukata ƙofa!"