Wanda Ya Karɓi Gajiyar Tasi'u

Ku matso, yau a gajiye nake, ba zan ɗaga murya ba. Nafi'u, kashe fitilar wayar nan. Kuma kar wanda ya ce min "ta zo mu ji ta", wannan ba tatsuniya ba ce. Mutumin yana nan da ransa a Kaduna. Tasi'u ne, mijin ƙawata Mariya, daga bakinsa na ji.

Injiniya ne a wani kamfanin intanet. Kamfanin yana da wani ɗaki a ƙasan bene, ba taga, esi dare da rana. Ɗakin sanyi suke ce masa. A ciki akwai wani akwatin ƙarfe, tsayinsa ya kai na firij, suwic ake kiransa. Ta gaba ana zura masa katuna a jere, kowane kati da wayoyinsa. Ta baya kuma akwai hanyar da ta haɗa katunan duka. Duk saƙon da ya shigo, na banki ne, na asibiti ne, hoton biki ne, sai ya bi ta nan. To hanyar ce ta yi kaɗan. Mutane sun yi yawa, kullum ƙorafi.

Aka sayo sababbin katunan baya, masu faɗaɗa hanyar. Aikin yana da ƙa'ida. Da dare ake yi, lokacin da gari ya kwanta. Ba a kashe injin. Ka zare tsohon kati ɗaya, ka zura sabo, ka jira fitilarsa ta zama kore, sannan ka taɓa na gaba. In ka yi gaggawa, rabin gari ya rasa netwok. Kuma ba a yi mutum ɗaya. Dole biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na tsare masa ido.

Tasi'u ya daɗe rabonsa da barcin kirki. Rana ofis, dare ɗakin sanyi. Mariya ta ce akwai ranar da ya yi gyangyaɗi da lomar tuwo a hannu. Ogansa ya yi masa alkawari, in aka gama wannan aiki zai ba shi hutu. Shi ke nan burinsa a duniya, ya kwanta ya yi barci har ya gaji da barcin.

Daren aikin suka shiga shi da abokin aikinsa Bitrus. Suka cire takalma a bakin ƙofa saboda ƙura. Ko kati ɗaya ba su zare ba aka kira Bitrus, wai babbar waya ta tsinke a bayan gari. Ya tafi. Tasi'u ya kira oga.

"Oga, ni kaɗai na rage."

"Ci gaba. Kafin asuba a gama."

Ya ci gaba. Akwai wata igiya da suke ɗaurawa a wuyan hannu, a maƙale ɗaya bakin a jikin injin, don kar wutar jikin mutum ta ƙona kati. Ya ɗaura. Ya zare na farko, ya zura sabo. Ya zauna jira.

Jiran nan shi ne masifar. Sanyi, ga fankoki suna ta guu, guu, murya ɗaya. Barci kuwa ɓarawo ne. Ya mintsini cinyarsa. Ya miƙe, ya zauna. Fitila ta yi kore, ya zare na biyu.

Sai ya ji an ce, "Sannu da aiki. Ina gajiya?"

Hindatu, ke da kika fi kowa iya gaisuwa, me ake cewa? Yawwa. "Ba gajiya." Ko mutum zai faɗi don wahala, haka ake cewa. Amma Tasi'u ya kai inda bakinsa ba zai iya wannan ladabin ba. Bai ma ɗago ba ya ce, "Gajiya kam akwai ta, baba. Har cikin ƙashi."

Sai da ya rufe baki ya tuna. Ƙofar nan ba ta buɗewa sai da katin shaida, kuma sai ta yi ƙara. Bai ji ƙara ba.

Ya ɗago a hankali. Wani dattijo ne tsaye a bayan injin, inda iska mai zafi take fita. Siriri, da tsohuwar riga fara. Idanunsa jawur, a buɗe tar, ba ya ƙiftawa. A ɗakin nan sai ka yi ihu ake jin ka saboda fankoki. Shi raɗa yake yi, amma kamar a cikin kunne. Iska tana kaɗa wandon Tasi'u. Rigar tsohon ko motsi.

Ya dubi bakin ƙofa. Takalminsa kaɗai ne. Ya dubi ƙafar tsohon. Dugadugansa ne a gaba.

Gudu? Da me? Ga shi ɗaure da injin kamar akuya a turke, ga kati mai tsada a hannu. Ya fara Ayatul Kursiyyu, ya kai tsakiya, ta ɓace masa. Ya ce min abin da ya fi ba shi mamaki, ko tsoron kirki bai iya ji ba. Tsoro ma sai da ƙarfi.

Tsohon ya ce, "Me kake yi wa ƙarfen nan?"

"Hanyarsa nake faɗaɗawa."

"Don ya huta?"

"Don ya ƙara ɗaukar kaya."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na daɗe ina gaishe ku. Masu gadi, direbobi, masu jinya. Kowa ya ce babu. Kai kaɗai ka ce akwai."

Tsohon ya ci gaba.

"Ni ba na samun ta. Tun kafin a kafa garin nan nake yawo, ban taɓa runtsawa ba. Ka ba ni taka."

"In ba ka me?"

"Gajiyar. Ba ka son ta, ni ina so."

Ku kar ku yi masa dariya. Saura katuna, asuba na matsowa, idonsa na ganin fitila ɗaya ta zama biyu. Ya ce, "Ɗauki."

Tsohon ya ɗora masa tafin hannu tsakanin kafaɗu. Hannun ba zafi, ba sanyi. Tasi'u ya ji wani abu mai nauyi yana zarewa daga bayansa. Jiki ya yi sakayau, ido ya washe. Tsohon kuwa ya yi wata irin doguwar hamma, har da hawaye. Ya ce, "Ashe haka take." Ya lallaɓa ya kwanta a ƙasa bayan injin, ya yi matashi da hannunsa. Da Tasi'u ya zura kati ya waiwayo, ba kowa.

Ya gama aikin tas kafin kiran sallah. Fitilu duk kore. Oga ya yaba, ya ba shi hutunsa.

Ya je gida, ya yi wanka, ya kwanta. Ya rufe ido. Shiru. Ya juya, ya sake juyawa. Har azahar. Ya ce ƙila da dare. Dare ya zo ya wuce. Hutun nan kaf a kan katifa ya yi shi, ido biyu, yana kallon silin. An je asibiti, an ba shi ƙwayoyi, kamar ya sha ruwa. An yi rubutu, an yi tofi. Ba ciwo yake ba, ba rama yake ba. Barcin ne kawai babu.

Da ya koma aiki aka lura ba ya gyangyaɗi. Kun san halin mutane. Aka haɗa masa aikin rana da na dare, aka mayar da Bitrus wani reshe. Suwic ɗin ma, kafin shekara ta zagayo hanyar ta sake cika, an fara maganar sayo wasu katunan.

Ya koma neman tsohon, ba sau ɗaya ba. Ya ce in ya tsaya bayan injin ya kasa kunne, ƙarƙashin ƙarar fankoki yana jin minshari. Wani dare ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah dawo min da abata." Minsharin ya tsaya. Aka ce masa, can ƙasa-ƙasa, "Bari in ɗan ƙara." Aka ci gaba da minshari.

Ni Mariya ce take ba ni tausayi. Ta ce takan farka tsakar dare ta same shi zaune a bakin katifar yaransu. Ba ya taɓa su. Kallonsu kawai yake yi suna barci, kamar mai azumi yana kallon randa.

To ku ji ni da kyau. In kun girma aka ce aikin mutum biyu ne, kar ku yarda ku shiga ku kaɗai, ko wane oga ne ya ce. In kuma dare ya yi, aka gaishe ku ba ku ji buɗe ƙofa ba, ku ce ba gajiya, ku riƙe abarku. Ni ga tawa nan a kafaɗa, da ita zan kwanta.