Sawun Allura a Ƙirjin Kwat

Ƙarfe biyu da rabi na rana aka buga waya caji ofis, wai an sace goɗiya a kulob ɗin mahaya dawaki. Sufeto ya ture kwanon abincinsa, ya ce wa Saje ya tayar da mota.

Goɗiyar ta wata Hajiya ce wadda mijinta ya rasu bara. 'Yarta ce za ta hau ta a gasar tsallaken shinge, saura kwana uku. Suka tarar da uwa da 'ya tsaye a bakin barga.

Sufeto ya fara da mai gadi.

"Da idona na gan shi, ranka ya daɗe. Wajen sha biyu ya fito a kanta, da hular kwano da baƙin tabarau da shuɗin kwat irin na 'yan kulob. Na buɗe masa ƙofa."

"Wane ne?"

"Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Ni ba fuska nake dubawa ba, ƙirji nake dubawa. Kowa a nan da haruffan sunansa a ƙirjin kwat, da zare ruwan zinariya. Wannan kuwa ƙirjinsa fayau. Kafin in ankara ya sha kwana."

Suna cikin haka wani dogon mutum ya iso, yana gyara safar hannunsa ta fata. Ƙanin marigayi ne, shugaban mahayan kulob ɗin, kowa Kyaftin yake ce masa.

"Ba na son ɗora wa kowa laifi," in ji shi, "amma ɓarawon gida sai ɗan gida. Da ni ne ku, da na leƙa ɗakin Baba Mai Barga."

"Kai kana ina da sha biyu?"

"Ina gida. Yanzu aka kira ni."

Ɗakin Baba Mai Barga na jikin rumbun ciyawa: gado, buta, da linzamai rataye a ƙusa. Saje ya ɗaga katifa, sai ga shuɗin kwat a ninke, ƙirjinsa babu ko harafi ɗaya.

Baba, tsohon da ke kula da dawakin, ya dubi kwat ɗin.

"Shekarata talatin a bargar nan, yallaɓai, ban taɓa sa irin wannan ba. Kuma da sha biyu ba na nan. Kyaftin ya aike ni sayen dusa."

"Ni?" in ji Kyaftin. "Yau ko ganinka ban yi ba."

Sufeto ya ce wa Baba ya gwada kwat ɗin. Hannuwan suka haɗiye yatsunsa, gindin ya sauko masa har gwiwa.

"Oga, ai kwat ɗin ne ya sa shi," in ji Saje.

Babu wanda ya yi dariya. Manajan kulob ya riga ya ce idan 'yan sanda suka tafi da tsohon, kada ya dawo. Sufeto ya bar Baba zaune a benci, ya tambayi wa ke yi wa 'yan kulob aikin haruffa.

Aka ce wata mata ce. Shagonta na bayan kasuwa, ɗan ƙarami, keken ɗinki biyu da tagar da ke kallon titi. Mai Surfani ake kiranta. Ta karɓi kwat ɗin, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta shafa ƙirjin da babban yatsa.

"Wa ya yi wa kwat ɗin nan wannan aika-aika?"

"Shi nake nema, Inna. An kawo miki ne ki cire?"

"Da ni na cire, da ba ka zo ba." Ta juya kwat ɗin ciki waje. "Mai son raba riga da suna, ta baya yake farawa. Ka farke shafi, ka yanka zaren ƙasa kaɗan-kaɗan, ka juyo gaba ka tsince na sama da matsefata, sannan ka turara wurin da tururi har ramukan su rufe. Wannan ta gaba ya bi da reza, kamar mai aske gemu. Ga inda ya yanki yadin. Ga kuma inda ya yanki kansa."

Ta nuna masa ɗigon jini biyu da suka bushe a bakin aljihun ciki.

"Ana iya gane abin da aka rubuta?"

"Keke na huda yadi sau dubu kafin ya gama harafi ɗaya. Zare ka cire, ba rami ba."

Ta shimfiɗa kwat ɗin a tebur, ta goga allin tela a wurin, ta hure. Farin gari ya zauna cikin ramukan. H da B suka fito, wutsiyar B ɗin ta lanƙwaso ƙasa.

Ta cire tabarau.

"Aikina ne. Na marigayi mijin Hajiya. Shi ya ce in ja wutsiyar ta zama kamar bulala, kuma ban sake yi wa kowa haka ba."

Da la'asar Sufeto ya tara su a ofishin manaja. Ya ajiye kwat ɗin a gaban Hajiya. Ta kai hannu, ta fasa.

"Na maigidana ne. Bayan rasuwarsa na ba ƙaninsa, don tsawonsu ɗaya."

"Na yi sadaka da shi tuntuni," in ji Kyaftin. "Wataƙila ma Baban na ba."

"Wataƙila?" in ji Sufeto. "Kayan ɗan'uwanka ne."

"An daɗe."

"Cire safar hannunka," in ji Sufeto.

"Don me?"

"Babu doki a ofishin nan. Cire."

Ya cire ta dama. Sufeto ya jira. Da ya zare ta hagu, sai ga sabon filasta a babban yatsa, jini ya ɗan ɓullo ta gefe.

Saje ya shigo da ambulan, ya zazzage a tebur. Guntayen zare ne ruwan zinariya, da reza guda.

"A ƙarƙashin kujerar motarsa, Oga. Kuma mai sayar da dusa ya ce Baba ya je da sha ɗaya da rabi, da takarda da sa hannun Kyaftin."

Kyaftin ya zauna. Yarinyar ce ta fara magana, a hankali.

"Baffa, me na yi maka?"

Bai dube ta ba. Hajiya ya duba.

"Shekara huɗu ina horar da goɗiyar nan, Yaya. Ni na koya mata tsallake, ni na karye a kanta. Da yayana na raye, ni zan hau ta ranar gasa. Kika ɗauka kika ba yarinyar da ni na koya wa riƙon linzami. Ba sayarwa zan yi ba. Ɓoye ta na yi, a wuce gasar."

"Baba kuma fa?" in ji Sufeto.

"Na ɗauka kwana biyu za ku riƙe shi ku sake shi."

"Ina goɗiyar take?"

"A tsohuwar gonar kaji, bayan gada. Na ɗaure ta a rumfa."

Saje ya ɗaura masa ankwa. Da suka fito, Baba Mai Barga na nan a benci inda aka bar shi. Ya miƙe ya tare hanya. Saje ya matso zai shiga tsakani, Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Ka ba ta ruwa?" in ji tsohon.

Kyaftin ya sunkuyar da kai.

Baba bai ƙara kallonsa ba. Ya shiga barga ya ɗauko bokiti da igiya, ya buɗe ƙofar gaban motar 'yan sanda ya zauna, ya ɗora bokitin a cinya.

"Gonar za mu fara zuwa, yallaɓai. Shi zai iya jira."

Sufeto ya duba agogo, ya ce wa Saje ya bi ta gada.