Sawu a Bakin Ƙyaure

"Ba zan sauka ba."

Lenie ta harɗe hannuwa a ƙirji, idonta a kan hanya. Motar ta tsaya a gaban ƙyauren farko na gonar, jarkokin ruwa na ƙwanƙwasar juna a baya.

Tsohuwar doka ce a ƙasar nan. Wanda ke zaune a gefen direba shi ke buɗe ƙyaure, mota ta wuce, ya rufe, don kada tumakin mutane su watse. Tun da aka yi aurensu Lenie ba ta taɓa ƙi ba.

"Wadda ta buɗe maka jiya ta zo ta buɗe yau!"

Mijinta Hermanus ne ke tuƙi. Ya sauka ya buɗe, ya dawo ya wuce da motar, ya sake sauka ya rufe.

Motar nan ita ce gidansu. Gado, murhu, ɗan firiji, sola a kan rufi. Gyaran famfon rijiya mai aiki da iska ne sana'arsa, inda famfo ya lalace nan suke yada zango. Ranar auren, Ma Sanna, mahaifiyar Lenie, ta buga sandarta a ƙasa ta rantse ƙafarta ba za ta taka gida mai taya ba.

"Gideon mai shago na nemanki, kin je kin ɗauko kunkuru, gidansa a bayansa!"

Mako guda Lenie ta yi a garin Aroab wurin yayarta da ta haihu. Yau Hermanus ya ɗauko ta. Suka cika jarkoki, suka wanke barguna, suka sayi gari da kofi da madara. Tukunyar gas kuwa, shagon Gideon kaɗai ke cika ta. Hermanus ya sunkuci tukunyar ya fita, Gideon ya jingina da kantar shagon.

"Kin rame, Lenie. Iskar daji ce?" Ya yi murmushi. "Amma kujerarki ba ta yi sanyi ba. Jiya da sassafe na hango mai ɗankwali zaune a kanta, sun nufi gona. Sai yamma suka dawo..."

Tun daga nan maganar ke cin ta. Yanzu ta juyo ta dubi mijinta.

"Mace ce?"

"Mace ce."

"Wace ce?"

"Na yi alkawari, Len."

"Alkawari! Wanda ka yi mini a gaban fasto fa, wasa ne?"

Ya ci gaba da tuƙi.

"Na bar ɗaki mai siminti na biyo ka. Da kofi nake auna ruwan wanka. In rana ta ɓuya, a duhu nake tuƙa tuwo. Ban taɓa ƙorafi ba... Juya. Mayar da ni gidan Ma."

"Rairayi ne nan, za mu kafe. Bayan ƙyaure na gaba akwai tsandauri."

"To, taka ta."

Ya taka. Bai roƙe ta ba, don ba ya cikin masu roƙo.

A ƙyaure na biyu ba ta jira ya yi ta hawa da sauka ba, so take a gama. Ta diro ta doki ƙofar motar. Kwamin shan ruwan tumaki na kusa da wurin, ya cika ya malala, ƙasar ta yi laushi. Ta kai hannu ga sarƙar ƙyauren, sai idonta ya sauka ƙasa.

Sawun mace ne, ba shakka. Takalmi marar tsini, ƙafar hagu tana ja. A gefen kowane taku akwai ɗan rami zagayayye.

Bakin sanda.

Ta bi sawun da ido. Mai shi ta buɗe, mota ta wuce, ta ja ƙyauren ta ɗaure sarƙa, amma ita tana waje. Ga inda ta tsaya ta dirka sandar da haushi, ramin ya yi zurfi. Ga inda ta sake kwancewa ta ratso ciki. Kuskuren 'yan gari.

Jiya Ma Sanna ta ce taron matan coci za ta, yini guda.

Lenie ta daɗe a tsaye. Sannan ta tako zuwa tagar direba.

"Ka bar tsohuwa mai ciwon gwiwa tana buɗe maka ƙyaure?"

Ya dubi ƙasa, ya dube ta.

"Ban faɗa ba. Ke kika gani."

"Na gani. Amsa mini!"

"Na hana ta. Ta ce ita ba buhun gari ba ce, wanda ya zauna a kujerar shi ke sauka."

"Me ta je yi?"

"Ganin inda 'yarta ke kwana. Ta ce in bakina ya furta, za ta karya mini ƙafa."

"Gideon ya gane ta?"

"Har gaishe ta ya yi."

Ta share ido da bayan hannu.

"To... me ta ce?"

"Labule ya yi datti. Firiji ya karkace. Zangon ya yi nisa da mutane." Ya sosa ƙeya. "Ta zauna a bakin gado, ta ce katifar ta fi tata. Ta sha kofi biyu."

Lenie ta koma ta wangale ƙyauren. Motar ta wuce ta tsaya a kan tsandaurin, inda ake juyawa. Ta ja ƙyauren, ta ɗaura sarƙa da kyau, ta ɗago.

Motar na ciki. Ita tana waje.

Hermanus ya leƙo ta taga.

"Ashe gadon Ma kika yi."

"Rufe mini baki, kunkuru!"

Ta kwance sarƙar, ta ratso, ta ɗaure ta bayanta.

"In juya?"

"Madara za ta lalace," in ji ta, tana hawa kujerarta. "Mu je gida."

"Ai a cikinsa kike."