Hayar Ɗakin Sanyi

"Ni fa idan na ce na biya, to na biya! Cas! Ko sisi ba za su sake tambayata ba!"

Ba-Matsala ke nan, mai ɗaukar hoto, tsaye a tsakiyar ɗakin Innarsa, kyamara rataye a wuya, yana kaɗa rasit a sama kamar tuta. Sunan nan bakinsa ne ya jawo masa. Ko rufin ɗaki ya faɗo masa a ka, abin da zai fara cewa ke nan: "Ba matsala!" Shekara bakwai da aurensa da Zinariya, mai ɗinkin labule, amma ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

"Dashen ciki ake ce masa, Inna. Likita zai ɗebi ƙwan mace, ya haɗa da na mijinta a ɗakin gwaji, in ya kama sai a mayar mata. Fakej ne, miliyan biyu, komai da komai!"

Inna ta taɓe baki, ta harari ƙofa, inda surukarta ke durƙushe.

"Kai ka sani. Ka sayar da babur, ka kwashe asusu, duk don a gyara wata. To ka ji da kunnenka, in wannan ma bai yi ba, ta ɗauki keken ɗinkinta ta koma gidan ubanta. Na gaji da yi wa jikokin maƙwabta wasa."

Yaya, babbar 'yar Inna, wadda ke aikin lissafi a banki, ta ɗago kai daga wayarta. "Kai auta, ka karanta takardar kuwa?"

"Haba Yaya! Ni da nake karanta zuciyar mutum ta cikin gilashin kyamara, takarda ce za ta gagare ni?"

Zinariya dai ƙasa take kallo. Ita da mijinta kaɗai suka san abin da likita ya faɗa mako guda da ya wuce: ita lafiyarta ƙalau, ƙwayoyin mijin ne ba su da ƙarfin tafiya. A barandar asibitin ya riƙe hannunta, idonsa jawur, ya ce, "Zinariya, don Allah ki rufa min asiri. In Inna ta ji, ina zan sa kaina?" Ta ce, "Na rufa." Shi ke nan.

Washegari suka koma asibitin. A ofishin biyan kuɗi akwai wani ƙaton hoton jariri yana dariya, da miliyan biyun nan a rubuce ƙasansa da jan fenti. Gogan naku ya tsaya gabansa yana selfi, waya ta yi ƙara, ya fice yana cewa, "Ki sa hannu kawai, ba matsala!"

Kashiya, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta bi shi da kallo, sannan ta jawo doguwar takarda.

"'Yata, zauna. Maza da yawa lambar jikin bango suke gani su tsaya nan. Abin da ya biya na ɗebe ƙwai ne, da aikin ɗakin gwaji, da dasawa sau ɗaya. Alluran da za ki sha kafin nan, kuɗinsu daban, su ne ma masu tsadar. Gwajin jini da sikanin, kowane zuwa da nasa. Ranar ɗebe ƙwai sai an sa ki barci, mai sa barcin ba kyauta yake zuwa ba." Ta ɗora biro a kan wani layi, ta rage murya. "Wannan kuma saboda matsalar maigidan ne. Sai an ɗauki ƙwayarsa da allura an sa a cikin ƙwan, ɗaya bayan ɗaya."

Kan Zinariya ya yi dum. "In bai kama ba fa, Mama?"

"In an samu ragowa sai a daskarar, a ajiye a ɗakin sanyi. Ajiyar wata-wata ake biya. In kun tashi sake dasawa, shi ma ku biya. Kuma ba na miki alkawari, ba kowa ke samu a karon farko ba. In kira shi ya ji?"

Zinariya ta leƙa ta taga. Ga shi can a bakin get, a ƙasa yau babu babur, yana ta dariya a waya. Iya abin da ya mallaka ke nan ya zuba, ta sani. In ya ji da saura, ko dai kunya ta sa ya fasa, ko ya nufi wurin Inna neman ciko, Inna kuma ta ce a kawo takarda Yaya ta karanta.

"A'a Mama, bar shi. Ki riƙa rubuta rasit da sunana."

A makon nan ta sayar da sarƙarta da 'yan kunnen da mahaifiyarta ta bar mata, ta sayi na roba masu ruwan gwal ta saka. Mai karanta zuciya ta cikin gilashi ya ɗauke ta hoto da su har sau uku, yana cewa, "Kai, zinarin nan naki kullum ƙara haske yake!"

Aka sha allurai, ciki ya yi tabo-tabo, aka ɗebi ƙwai, huɗu suka kama. Aka dasa ɗaya. Kwana goma sha huɗu Zinariya tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da cikakken kofi. Ranar gwaji nas ta girgiza kai.

Zinariya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Shi kuwa ya zauna gefen gado, ya buɗe baki zai ce ba matsala, maganar ta maƙale. Bayan kwana biyu Inna ta iso da kwalaye uku, ta jera su a bakin ƙofar ɗaki.

"Waɗannan na zuba kayanki ne. Shekara guda na ba ki, don kada a ce ban yi adalci ba."

"Inna, ai ba..."

"Rufe min baki! Ai ba me?"

Ya dubi Zinariya, ya dubi kwalaye. "Ai ba matsala."

Ran nan kam Zinariya ta ji zafinsa har cikin ƙashi. Amma da yamma ya zo ya durƙusa gaban kekenta, ya kifa kai a gwiwarta, kafaɗarsa na rawa. Ta shafa kansa. Matsoraci ne, ta sani, amma nata ne.

Saura uku a ɗakin sanyi. Tun daga nan Zinariya ta zama mai biyan haya biyu, ta shago da tasu. Ta karɓi kwangilar labulen wani otal, taga sittin da biyu. In ta taka keke, rana ta ratso yadin da ta rataye, shagon ya rine ya koma ruwan zuma, sai hankalinta ya tashi ya tafi. Takan gan su a wani farin ɗaki mai hazo, su uku a jere, kowa da ɗan bargonsa, suna barci ba ruwansu da Inna. Na tsakiyan mai motsi ne, halin ubansa ya ɗauko. Na gefe mace ce, ta tabbata, don ita ce ke fara buɗe ido in ta yi musu sallama.

Kowane ƙarshen wata sai ta je ta biya, ta ce da kashiya, "Mama, na kawo hayar masu gida." Sannan ta zagaya bayan ginin, inda injin sanyi ke gurnani a bango, ta tsaya ta ce a hankali, "Ku ƙara haƙuri, taga goma sha tara ta rage." Da guntayen yadi ta ɗinka wani ɗan labule shuɗi mai taurari, wanda bai kai girman kowace taga ta gidansu ba. Ta ninke shi ta sa a durowar keke, tare da ambulan ɗin rasit.

A wata na goma kuɗin dasawa suka cika. Ta ce, "Maigida, asibiti sun ce mu zo, sai ka sa hannu."

"Kin gani ko? Ai na faɗa miki fakej ne! Kuɗina ne ke aiki har yanzu!" Ya zana sa hannu mai jela, ko layin farko bai duba ba.

Wannan karon nas ba ta girgiza kai ba. Ta juyo da allon sikanin, ga wani ɗan ɗigo yana ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf kamar tauraro. Kyamara ta suɓuce daga hannun mai hoto. Da ba don igiyar wuya ba, da ta tarwatse.

Da cikin ya yi wata huɗu aka taru a ɗakin Inna. Ga Kawu, ga Yaya, ga maƙwabta har bakin ƙofa. Inna ta dubi surukarta ta ce, "To, 'yar nan, sai ki gode wa ɗana. Wani namijin da tuni ya sallame ki, shi kuwa ya kashe dukiyarsa ya gyara ki."

"Na gode, Inna," in ji Zinariya.

Ba-Matsala ya miƙe, ya gyara wuyan riga. "Ai biya ɗaya na yi, Kawu! Ɗaya tak! Yaya ce ma take min kallon wanda bai iya karatu ba. To ga shaida!" Ya zaro ambulan daga aljihu. Ashe da safe ya lalubo shi a durowar keke.

Zinariya ta zabura. "Maigida, bar shi, ba sai an..."

"Ke dai akwai kunya! Yaya, karanta da ƙarfi, kowa ya ji!"

Yaya ta zazzage ambulan a cinyarta. Rasit ya zubo kamar ganye, ɗan shuɗin labule ya biyo baya.

"Miliyan biyu, sunanka. Da kyau." Ya ɗaga hannu kamar ɗan takara. "Allurai, sunan matarka. Sikanin sau tara, sunan matarka. Mai sa barci, ita ce. Ajiya a ɗakin sanyi, ɗaya, biyu... wata goma sha huɗu, har da na watan jiya, duk ita ce. Dasawa ta biyu, ita ce." Ta tsaya, ta matso da wata takarda kusa da ido. "Ƙarin aiki na musamman, saboda raunin ƙwayoyin... miji."

Kawu ya yi tari ya kalli silin.

"Miji?" Inna ta ce. "Mijin wa?"

"Inna, miji nawa gare ta?" in ji Yaya.

Inna ta juya a hankali. Ta kalli kunnen surukarta, ta miƙa hannu ta taɓa ɗan kunnen, ruwan gwal ɗin ya ɓare a yatsarta. Sai hawaye shar.

"Shekara guda ina jera miki kwali a ƙofa, kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Zo nan, 'yata. Ki yafe min, don Allah ki yafe min."

Zinariya ta faɗa jikinta suna kuka. Can Inna ta ɗago ta dubi matan da ke ƙofa. "Ku ji da kyau. Rashin haihuwa ba laifin kowa ba ne, kada wadda ta ƙara ɗora shi a kan mace don ta yi shiru. Mai haƙuri irin wannan, Allah ne ke wanke ta a gaban jama'a. Ku kuma maza, kafin ku buga ƙirji, ku karanta takarda har ƙasa!"

Duk ido ya koma kan gogan. Yana nan tsaye, hannunsa bai gama saukowa ba.

"Auta," in ji Yaya, tana miƙa masa rasit na ƙarshe, "saura biyu a ɗakin sanyi, kuma wata ya kusa ƙarewa. Akwai matsala?"

Ya dubi Inna, ya dubi Kawu, ya dubi Zinariya da ke murmushi cikin hawaye. Ya durƙusa a gabanta, muryarsa kamar ta sauro.

"Akwai, Yaya. Wallahi akwai."